Sai Taisiya Ta Tashi

Wannan labari ya faru ne a wata duniya da tarihi ya saki hanyar da aka sani ya kama wata. A can, sarakunan Rasha na da ba su sayar da ƙasar Alaska ba, don haka da Tarayyar Sobiyet ta kafu sai ta gaje ta, da duwatsunta da ƙanƙararta da iyakar nan tata mai tsawon tsiya a bakin kogin Yukon, inda ba a daɗewa ba a yi harbi ba. Tarayyar kuma ba ta ruguje ba, tana nan tana aika 'ya'yan mutane gabas da yamma. Cikin waɗanda ta fi sa wa yawo akwai Janar Gordei Lukich Yarunin. Shi dai an cika littattafai da labarinsa. Ni matarsa ce ta dame ni, Taisiya Kuzminichna, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗaure masa kaya, ba wanda ya taɓa maƙala mata ko maɓalli a ƙirji.

Taisiya, wadda a gida ake kira Taya, 'yar ƙauyen Dubenki ce a bakin kogin Oka. Ubanta ne ke kula da lambun tuffa na gonar gama-kai, a hannunsa ta koyi yi wa itace aure tun ba ta iya kitsa gashinta ba. Yarinya ce mai son ta dasa abu ta tsaya ta ga abin da zai zama. Sai Allah ya haɗa ta da Gordei, ɗan tsohuwa Fekla ta bayan rijiya, wanda tun yana rarrafe ba a taɓa samunsa inda aka ajiye shi ba. Ya zo hutu cikin sabon kakin laftana, ya gan ta a kan tsani tana datse rassa, ya yi ta kewaya tsanin nan yana zuba surutu har jiri ya fara ɗibar ta. Kafin hutun ya ƙare an ɗaura musu aure a ofis, ga kuma umarnin tafiya gabas ya riga ya zo.

Mutanenmu ba sa kama hanya daga tsaye. In an gama ɗaure kaya, an sa riguna da huluna, kowa sai ya nemi wuri ya zauna, kan kujera ko kan akwati, a yi shiru na ɗan lokaci. Babba a ɗakin shi ke fara miƙewa ya ce Allah ya kiyaye hanya, sannan saura su tashi. Wanda ya riga babba tashi, tsofaffi suka ce hanyarsa ba za ta yi kyau ba.

Ranar tafiyarsu ta fari Gordei na tsaye a bakin ƙofa da akwati a kowane hannu, yana dukan ƙasa da dunduniya.

"Mama, jirgin ƙasa ba ya jiran mutum," in ji shi. "Kuma ni ɗan Jam'iyya ne. Waɗannan camfe-camfe an wuce zamaninsu."

"Zauna, ɗan Jam'iyya," in ji Fekla.

Ya zauna. Da tsohuwar ta miƙe ta yi addu'arta ƙasa-ƙasa, sai ta riƙe masa hannun riga.

"Daga yau ba na tare da ku. Taya ta girme ka da sanyi guda, ita da kaka aka haife ta, kai sai da ƙanƙara ta narke. Duk inda kuka je ita ce babba a ɗaki. Sai ta tashi ka tashi. Ka ji ni?"

"Na ji, Mama." Ya juya ya ƙame ya sara wa amaryar. "Ina jiran umarni, Yaya."

Da wasa ya faɗa, amma abin ya zauna. Mutumin da bai yarda da coci ba, bai yarda da mafarki ba, bai ma cika yarda da likita ba, wannan magana guda ta uwarsa ya riƙe ta gam.

Barikinsu na farko a bakin kogin Amur yake, ɗaki guda aka raba musu da wasu ma'aurata, bargo ne bangon. Taisiya ta zo da 'yan rassan tuffar ubanta naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta samo ɗan itacen daji a bayan ɗakin girki ta yi masa aure, ta kewaye shi da ƙaya saboda awakin matar kwamanda. Tuffa kuwa ba ta da gaggawa, sai ta sha shekaru kafin ta yi 'ya'ya. Itacen bai kai mata ƙugu ba Gordei ya shigo da gudu, dusar ƙanƙara a kafaɗarsa, fuskar nan kamar an yi masa kyautar doki.

"Yaya, ɗaure kaya. Yukon ta kama da wuta."

Ta ɗaure. Suka zauna kan akwatuna, gwiwarsa na rawa, idonsa a kanta. Ta dubi itacenta ta taga, ta miƙe ta ce Allah ya kiyaye hanya.

A yaƙin Yukon na farko aka fara jin sunansa. Manya na zaune suna gardamar ko ƙanƙarar kogin za ta ɗauki motoci, shi ya riga ya tsallakar da mutanensa da ƙafa ya ɓulla wa abokan gaba ta bayan ɗakin girkinsu. Ya tafi yana kyaftin, ya dawo yana manjo, da lambar yabo da rabin kunne. Sojoji suka laƙaba masa suna Ba-zama, don ko miyar kabeji a tsaye yake sha. Duk inda aka ce ana sa ran isarsa gobe, to jiya ya isa. Irin wannan hali a fagen daga albarka ne, a cikin gida kuwa sai wadda ta zauna da shi.

Daga nan ƙafa ta buɗe. Yau suna tsibiri, gobe suna ƙarƙashin dutse mai aman wuta, jibi suna garin da rana ba ta fitowa duk tsawon sanyi. Taisiya ta zama gwanar ɗaure kaya, har matan ƙananan hafsoshi kan zo su koyi yadda ake cusa kofuna cikin takalma da yadda ake naɗe agogon bango cikin bargo. Labule guda ta yi ta yankewa tana ƙarawa don ya dace da tagogin da ba nata ba. Kuma duk inda suka sauka, kafin ta kunce tukunya sai ta dasa tuffa. Ta bar itatuwa a bayanta tun daga Amur har bakin teku, wasu na can suna ci suna yaba zaƙi, ita ba ta taɓa sa haƙori a ko guda ba. Abin na cin ranta ƙwarai. Ba gidan sama take so ba, ba rigar gashi irin ta matan janarori ba. So take su zauna wuri guda, ita da wannan mutumin, har abin da ta dasa ya nuna.

A Kamchatka suka sami ɗa, suka sa masa Mitya. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi bai fara tafiya ba. Ƙasar kabarin ba ta gama kwantawa ba umarni ya zo. Ranar Taisiya ta daɗe a kan akwati, ta daɗe ƙwarai, motar soja na ta gunji a waje. Gordei na zaune kusa da ita. Gwiwar nan tasa mai rawa ta tsaya cik, hawaye na bin gemunsa, yana jira. Daga ƙarshe ita ce ta ji tausayinsa ta miƙe. Ba su sake samun haihuwa ba, ba su kuma sake taka Kamchatka ba.

Yana kanar bakinsa ya ja masa. A wani babban taro wani mai taurari da yawa ya shimfiɗa taswira yana bayani, Gordei ya miƙe ya ce masa kogin da yake nunawa ba nan yake ba, shi ya sha ruwansa. Sai ga shi an tura shi hamadar kudu gadin yashi. Shi ya rame, ya daina cin abinci. Ita kuwa, Allah ya yafe mata, har rawa ta taka a ɗakin girki, don ta ɗauka an manta da su. Ta haƙa rami, ta yi ta jidar ruwa a bokiti daga famfon bariki, itacen ya kama, ya wuce ta tsawo, ya fara fure. A shekarar furen aka yi yaƙin Yukon na biyu, aka sha kashi a makon farko, sai na sama suka tuna akwai wani mai rabin kunne da ya san inda kogin yake.

Daga wannan yaƙi ya fito da jan layi a wando da tauraron janar. Ya sami mota da direba, wani ɗan ƙabilar Tatar mai suna Ilshat, sajan ne mai ƙarancin magana wanda ya zama kamar ɗan gida. Ilshat ya sha ganin abin da ba wanda zai yarda in ya faɗa: janar da rundunoni ke rawar jiki in ya yi tari, zaune kan akwati da hula a cinya, yana satar kallon wata 'yar guntuwar mata mai ɗankwali ko za ta motsa.

"Yaya, jirgin sama fa na jira," Gordei yakan ce ta gefen baki.

"Yi shiru, yaro. Ana zaman hanya kana surutu."

Sannan ta ja ɗan lokaci don ya san da babba a ɗakin, ta miƙe.

Tsufa ya same su a hanya. Wata rana yana duba fareti zuciyarsa ta yi tuntuɓe, ya faɗi a gaban sojoji. Likitoci suka taru a kansa, na sama suka yi masa godiya mai yawa, suka ce ya je ya huta. Taisiya ba ta bari ya yi tunani ba, ta kwashe shi sai Dubenki, tsohon gidan katakon ubanta. Ta kunce akwatunan nan duka, ta tura su ƙarƙashin gado, ta ɗinka labule daidai da taga. A bayan gida akwai kututturen wata tsohuwar tuffa da ya yi toho, ta yi masa aure da reshen da ta roƙo a lambun gama-kai. Ilshat ma ya ajiye aiki ya kama ɗaki a ƙauyen, ya ce ya saba.

Gordei kuwa zaman ya zame masa ciwo. Ya kafa shinge, ya tumɓuke, ya sake kafawa. Ya faskara itacen da zai ishi ƙauyen duka. Kaji ma ba su tsira ba, so yake su shiga akurki a layi. Da safe ya taka har bakin kogi ya dawo, ya kunna rediyo, ya kashe, ya tsaya bakin taga yana kallon hanya yana kaɗa yatsu a bayansa.

"Lukich, za ka huda mini daɓen ɗaki," in ji Taisiya. "Zo ka feraye dankali."

"Na yi umarni da runduna, yanzu dankali."

"Dankalin ma ba ka iya ba, rabi kake zubarwa."

Haka suka yi ta yi, shekara na bin shekara, itacen na girma. Sai ga bazarar da ya yi fure fari fat, furen ya zube, 'ya'ya suka ɗaure. Taisiya kan fita da sassafe ta tsaya ƙarƙashinsa tana kallon su, kore-kore, ba su fi ƙwan kaza ba. Murna take, amma murnar da tsoro a ciki, don ta san halin duniyarta. Ko ƙarar mota ta ji a hanya sai gabanta ya faɗi.

Ba mota ce ta zo ba, waya ce. Da tsakar rana tana tsugune tana cirar ciyawa ta ji ta buga a cikin gida, ta ji muryarsa ta sauya. Ta leƙa ta taga. Ga tsoho tsaye ƙame cikin silifa da rigar barci, ƙirji a gaba, yana cewa, "Na ji. A shirye nake. Yau ma in an so." Ta share hannunta a jikin zane.

A kan abinci ya faɗa mata. Yukon ta sake kamawa, an rasa mai riƙe ta, an ba shi rundunonin Alaska gaba ɗaya da ƙarin tauraro. Akwai gida a hedkwata an gyara musu, har da lambu.

"Har da lambu," in ji ta. "Zuciyarka fa?"

"Zama ne ke kashe ta, Taya. Ke ma kin sani."

"Ka bari su nuna. Kaka ta kusa. Ka ci guda, in ci guda, sannan ka kai ni ko bangon duniya ne."

"Yaƙi ba ya jiran tuffa."

"Yaran da ka koyar fa? Duk sun mutu ne, sai tsoho mai rabin kunne da rabin zuciya?"

Ya sunkuyar da kai yana juya cokali. "Ni suka kira," ya ce. Ta dubi fuskarsa ta ga ta yi haske irin na ranar Amur, sai haushi ya turnuƙe ta, ta kwashe kwanukan tun bai gama ba.

Duk da haka ta jawo akwatunan ta ɗaure, don hannunta ya saba, ba ya neman izininta. Washegari da hantsi Ilshat ya iso da baƙar mota, shi ma ya koma cikin kaki. Suka sa riguna. Gordei ya zauna kan babban akwati, Ilshat kan benci a bakin ƙofa, Taisiya kan ƙaramin akwatin da ta fito da shi daga gidan nan tana amarya. Aka yi shiru.

Shirun ya yi tsawo. Gwiwar Gordei ta fara rawa. Ya dubi agogo, ya dube ta. Ita ta ɗora hannuwa a cinya, idonta na kan taga. Ba ta shirya haka ba, wallahi ba ta shirya ba. Ta dai nemi ƙarfin tashi a jikinta ta rasa, sai kuma ta ji ba ta son ta same shi.

"Yaya," ya ce a hankali.

Ta ci gaba da kallon taga.

"Taya, jirgi na jira. Mutane na mutuwa a can."

"Na tashi a Amur," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Na tashi a hamada. Na tashi na bar ɗana cikin ƙasar da ba ta bushe ba. Yau ba zan tashi ba, Gordei. In ka ga dama ka zauna tare da ni."

Ilshat ya kafa idonsa a takalminsa. Kaza ta shigo ta leƙa su ta fita. Gordei ya zauna, ya ƙara zama, gumi na tsattsafo masa a goshi, yana murza hular da ke hannunsa har ta lanƙwashe. Taisiya ta fara jin wani ɗan sanyi a ranta, ta ce ko dai yau za ta ci nasara. Sai ta ji akwatin ya yi ƙara. Ya dafa gwiwa ya miƙe.

Bai ce Allah ya kiyaye hanya ba, don ba maganarsa ba ce. Ya ɗauki akwati guda ya fita, Ilshat ya bi shi da sanyin jiki. Can sai ga shi ya dawo, ashe hular ya bari a ƙasa. Wanda ya dawo daga ƙofa a wurinmu sai ya dubi madubi kafin ya sake fita, shi ma ya sani. Ya tsaya gaban madubin bango ya sa hular. Ta cikin madubin suka haɗa ido, shi a tsaye, ita a bayansa kan akwati.

"Ki ajiye mini guda," ya ce.

Ta kau da kai. Ta saurari motar har ƙararta ta ɓace, sannan ta lura ƙafafunta sun yi tsami.

Zaman da ta nema ta samu, amma sai ya gagare ta. Ita ce yanzu ke kunna rediyo tana kashewa. Ita ce ke takawa bakin kogi ta dawo, ta tsaya a taga tana kallon hanya. Ta kunce kaya, ta sake ɗaurewa, ta sake kuncewa. Ta yi niyyar zuwa tasha har ta sa takalmi, sai ta tuna rassan sun yi nauyi suna son tokara, ta cire. Dare da rana maganar Fekla na yi mata yawo a ka. Shi ya riga babba tashi, gaskiya ne, amma wa ya sa shi? Rediyo ya ce Ba-zama ya sake yin halinsa, ya ɓulla inda ba a zata ba, an kora abokan gaba hayin kogi. Maƙwabta suka zo yi mata barka, ta ba su shayi a tsaye. Tuffa ta nuna, ta yi rawaya, ƙamshi ya cika bayan gida. Ta tsinke su ta jera a kan ciyawa a ɗakin ajiya, ba ta ci ko guda ba.

Ilshat ne ya zo da kansa, hula a hannu. Tun daga taga ta gane.

"Harsashi?" ta tambaye shi.

"Zuciya, Inna Taya. Yana tsaye kan taswira yana magana."

"A tsaye," ta ce. "To, da yaya kuma."

An shirya za a binne shi a Mosko cikin manyan jarumai, da igwa da badujala. Amma aka biyo da akwatin gawar ta Dubenki don matarsa ta yi sallama, sannan a wuce da shi. Motoci suka cika hanyar ƙauye har bakin rijiya. Aka ajiye shi kan tebur a tsakiyar ɗaki, an rufe madubin bango da zane kamar yadda muka saba in an yi mutuwa. Jagoran tawagar wani Janar Vadim Korzhin ne, ƙato mai tumbi, wanda ya fara aiki a ƙarƙashin Gordei yana ɗan laftana mai kunnuwa a waje. Ya sumbaci hannunta, ya yi ta'aziyya mai kyau, sannan ya dubi agogo.

"Taisiya Kuzminichna, lokaci ya yi. Manya na jira a can."

Ta dubi fuskar mijinta. Tunda take ba ta taɓa ganin ta a natse haka ba. Ta tuna Mosko, da dogon layin duwatsun kaburbura masu sanyi, da ƙofa mai soja inda sai ta nemi izini kafin ta gan shi. Za su sake tafiya da shi ke nan, ita kuma ko ta bi ko ta zauna ita kaɗai.

"Tafiya za a yi," in ji ta. "Ku zauna."

Suka zauna, wa zai ƙi? Janarori kan benci, kanar-kanar kan akwatuna, masu ɗaukar gawa a ƙasa bakin ƙofa. Ita ta jawo ƙaramin akwatinta kusa da kansa. Duk ɗakin ba wanda ya kai ta shekaru. Aka yi shiru, aka yi ta yi. Wani ya yi tari. Direbobi a waje suka kashe injuna.

Korzhin ya sunkuyo. "Taisiya Kuzminichna, ki yi haƙuri."

"Haƙuri na yi shi, Vadim, tun kana goge masa takalmi. Bayan ƙauyen nan akwai tudu, uwarsa na can, ubana na can. In can za ku kai shi, yanzu na tashi. In Mosko ce, ku nemi shayi, don za mu daɗe."

"Umarni ne daga sama. Ba ni da iko."

"Ni ma ba ni da ƙafa."

Fuskar Korzhin ta yi ja. Mutum ne da ya saba a bi maganarsa, ga ƙananansa na kallo. Ya ɗora hannuwa a gwiwa zai yunƙura. Sai Ilshat, daga inda yake tsugune a bakin ƙofa, ya yi magana ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Kwamared Janar, mai gidan nan sau ɗaya tak ya riga ta tashi."

Korzhin ya dubi akwatin gawar. Shi ma ɗan Jam'iyya ne, amma shi ma wata tsohuwar ƙauye ce ta goya shi. A hankali ya janye hannuwansa daga gwiwa. Ya share wuya da hankici, ya ce a miƙo masa waya. Wayar na can kan kabad, ba kuma mai tashi ya ɗauko, sai na kusa ya miƙa hannu ya jawo ta, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu, igiyarta na bin kafaɗun manyan hafsoshi. A zaune ya kira Mosko. Ya sha faɗa, ana jin ƙarar muryar daga inda Taisiya take. Ya ce na ji, ya ce na sani, ya ce to a zo a ɗaga ta, shi dai ba zai iya ba. Daga ƙarshe ya ajiye wayar a cinyarsa.

"Tudun," ya ce. "Amma da igwa."

"Ku buga abinku, ba zai firgita ba."

Ta sa hannu cikin aljihun rigarta ta fito da tuffa guda, rawaya, wadda ta zaɓa tun ranar tsinka. Ta goge ta da gefen ɗankwali, ta cusa ta ƙarƙashin hannunsa, kusa da lambobin yabon.

"Ga taka, yaro," ta ce. "Yau dai ka jira ni."

Ta dafa gefen teburin ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ɗakin duka ya tashi.

Tana nan a Dubenki har yanzu, ta tsufa tukuf. Akwatunan na ɗakin ajiya, tuffa take zubawa a ciki da kaka. Ta dasa wata a kan tudun, daidai kansa, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Kullum da safe sai ta taka can ta ba ta ruwa, ta zauna a gefen kabarin ta yi masa faɗan kaji da na shingen da ya bari a karkace. In maƙwabta suka ce ta taso rana ta yi, sai ta ce su je, ita ba ta gama zama ba.